Gurbi Ɗaya a Layin Jabez Thurber

Goggo Verna ta fi sanin matattun Penwick a kan rayayyun garin, kuma ba ta ɓoye cewa ta fi shiri da su. Yayar babana ce. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana dafa wa 'yan firamaren garinmu abincin rana, har ya zama babu wani mai faɗa a ji a majalisar gari da bai taɓa shan ludayinta a bayan hannu ba. Da ta ajiye aiki sai ta koma tsohuwar maƙabartar da ke kan tudu ɗungurungum. Ita ke datse ciyawa da almakashi a gindin duwatsun, inda inji ba ya kaiwa. Ita ce kuma duk ƙarshen watan Mayu take soka ƙananan tutoci a kaburburan tsofaffin sojoji, tana yi tana musu magana kamar a layin abinci: "Ungo taka. Kai kuma ka daina karkacewa."

Tuta ta farko kullum ta Jabez Thurber ce. Shi ne kakanmu na can sama, wanda ya yi yaƙin raba ƙasar nan da Ingila. Shi ya gina gidan da Goggo take ciki, shi ya ba gari filin maƙabartar, da sharaɗin cewa layin da ke jikin katangar arewa na jininsa ne su kaɗai. Da wannan labarin aka yaye mu, kuma ni dai ya ishe ni tun ina ƙarama.

A wannan layin aka binne Joanie, 'yar Goggo tilo, a 1956. Shekararta shida, sanƙarau ya ɗauke ta cikin kwana uku. Mijin Goggo bai iya zaman gidan ba bayan nan, ya yi kudu abinsa, can ya mutu a hannun wata, kuma Goggo ba ta taɓa tambayar inda aka sa shi ba. Tsakanin kabarin Joanie da kusurwar katanga akwai gurbi ɗaya da ba shi da dutse, daidai kwanciyar mutum guda, kuma shi ne na ƙarshe a layin. Goggo ba ta da wani buri a duniya da ya wuce wannan. Joanie yarinya ce mai tsoron kwana ita kaɗai, kuma a ganin uwarta ta bar ta ita kaɗai fiye da kima.

Sai ga wasu 'yan Boston sun sayi gidan hutu a bakin tafki, sunansu Thurber, suka ce su ma jinin Jabez ne, kuma suna son gurbin wa kakarsu. Kwamitin maƙabarta ya rikice, ya yanke hukuncin da duk matsorata ke yankewa: kowa ya kawo takarda, daga kansa har zuwa kan Jabez, ba tsallake. Shugaban kwamitin Merle Aldrich ne, wanda kuma shi ke haƙa kabari a garin da ƙaramar motarsa ta tono. Shi aka tura ya faɗa mata, ya zo yana murza hula a ƙofar kicin. Ina wurin.

"Kai Merle, ni za ka tambaya takarda? Ni da na share maka majina?"

"Inna Verna, ba ni ba ne, kwamiti ne. In na ƙyale ki, mutanen nan kotu za su kai mu."

"Kwamitin su wa? Kai da surukinka da wannan kurman da ke barci a taro?"

"To, haka dai aka yanke."

"An yanke. Zauna ka ci wainar tuffa, ka rame kamar ba ka da mata."

A shekarar, wato 1998, tana da saba'in da shida, kuma likita ya riga ya gaya mata zuciyarta tana yoyo, kada ta sa ran fiye da shekara ɗaya ko biyu. Ta ɗauki abin kamar aikin girkin biki. Ni ce direbanta, don na rabu da mijina a lokacin, ba ni da abin yi sai fushi. Mun zaga ofisoshin magatakardan garuruwa shida, mun shaƙi ƙurar littattafan coci, mun karanta wasiyyoyin mutanen da suka raba wa 'ya'yansu har cokula. 'Yan Boston tun a rani suka faɗi, nasu Thurber ɗin na wani gari ne dabam. Mu kuwa muka haura tiryan-tiryan: Goggo, babanta, kakanta Orrin, babansa, har zuwa kan wata Zilpah, wadda ta gaji gidan ta haifi 'ya'ya tara. Kabarinta na nan a layin, an rubuta an haife ta 1775, ta rasu 1851. Saura mataki ɗaya, takardar da za ta ce Zilpah 'yar Jabez ce. Littafin haihuwa na Penwick ya ƙone tare da tsohon ɗakin taro tun kafin a haifi kakan kowa.

Akwai babban Baibul na gidan, mai nauyin jariri, amma shafin da ake rubuta aure da haihuwa an yage shi, sai gutsuren gefensa a jikin ɗinki. Tun muna yara ake ɗora laifin a kan wani kawu mashayi. Ashe zaluntarsa aka yi. Matar da ke kula da ɗakin karatu ce ta gaya mana cewa matan tsofaffin sojoji, in za su nemi fanshon mazajensu, sukan yage wannan shafin su aika Washington don shaidar aure, kuma ba a mayar musu. Goggo ta cike takardar neman kwafin takardun fanshon matar Jabez, muka zauna jira mako goma.

Ambulan ya iso wata Talata a ƙarshen Oktoba, da hantsi. Kwafi ne shafi arba'in da wani abu, baƙi-baƙi. Goggo ta share teburin kicin, ta buɗe Baibul ɗin, ta ɗora kwafin shafin a jikin gutsuren. Yagar ta hau daidai, har da wani ɗan lanƙwasa a tsakiya. Ga auren Jabez da Keziah a 1773. Ga layi na biyu: Zilpah, 'yarsu, an haife ta 9 ga Maris 1775.

"To, Merle sai ya sha kunya," in ji ni.

Yatsanta ya riga ya sauka ƙasan shafin, inda ake rubuta mutuwa. Akwai layi ɗaya da wani hannu dabam, an yi ƙoƙarin kankare shi da wuƙa amma tawadar ta riga ta shiga takarda. Zilpah, 'yar Jabez da Keziah, ta rasu 21 ga Agusta 1779, tana da shekara huɗu.

Ban tsorata ba tukuna. Duk wanda ya taɓa bin asalin dangi a yankin nan ya san mutanen da, in ɗa ya mutu, sukan mayar wa na bayansa sunan. Na ce mata akwai Zilpah ta biyu, mu duba. Muka duba. Bayan 1779 maza uku Keziah ta haifa, duk ba su yi rai ba. Babu wata mace.

Ashe ba mu ne muka fara lura ba. A cikin takardun akwai wasiƙar wani akawun ofishin fansho ta 1838, gajeriya, cikin ladabi. Ya ce shaidar da ta rantse cewa Keziah matar Jabez ce ta sa hannu da sunan Zilpah, 'yarsu, alhali shafin da aka aiko ya nuna Zilpah ta rasu shekara hamsin da tara da suka wuce. Yana neman a bayyana masa wace ce ta tsaya gaban alƙali. Bayan wasiƙar akwai amsar, da hannun magatakardan kotu. Goggo ta miƙo mini ta ce idonta ya gaji, in karanta a fili.

"Ni ce wadda ake kira Zilpah, amma ba ni ce ta cikin takardar ba. Waccan ta mutu ubanta yana wurin yaƙi bai sani ba. Ni goyo ni ya yi a bayansa ya zo da ni, daga wani gari na mutanen ƙasar na asali, can yamma, wanda rundunarsu ta ƙone. Na tuna masara tana cin wuta, na tuna ana sare itatuwan lambu. Fuskar uwata ban tuna ba. Ya ce a gona ya tsince ni, ban san ko haka ne ba. Da muka iso matarsa ta daɗe tana kallona, sannan ta shiga ɗaki ta fito da rigar marigayiyar ta sa mini, ta yi mini daidai. Ta ce, Zilpah, ina kika shiga haka? A makon ta sa shi ya ciro dutsen kabarin. Maƙwabta sun sani, ba wanda ya ce uffan, har suka mutu. Dutsen yana ɗakin ƙasa a kife, a kansa nake jera kwanonin madara. Sunana na fari na riƙe shi har na kai wajen shekara goma, ina faɗa wa kaina a hankali, sai wata safiya na neme shi na rasa. Tsohuwar nan ta ciyar da ni, ina roƙo kada a hana ta fanshonta saboda ni."

Rana tana kan teburin, firij yana ƙugi, tankar mai tana wucewa a titi. Goggo ta miƙe ta ɗauko tocila daga bayan ƙofa.

A ɗakin ƙasan akwai wani faffaɗan dutse baƙi da aka ɗora a kan ginshiƙai biyu na tubali, tsayinsa daidai gwiwa. A kansa Goggo take jera kwalaben tumatir da kokwamba mai tsami, a kansa uwarta ta jera nata. Sau nawa aka aike ni nan ina yarinya ban sani ba. Mu biyu ba za mu iya juya shi ba, don haka na kwanta rigingine a ƙasa mai sanyi, na tura kaina ƙarƙashinsa, na haska sama. Wata 'yar fuska mai fukafukai da aka sassaƙa a jikin dutsen ce take kallona, tazarar taƙi ɗaya daga hancina, idanunta a buɗe. Ruwan sama bai taɓa taɓa ta ba, haruffan kamar jiya aka sassaƙa su. Na karanta sunan Zilpah da ranakun, na fito da baya da sauri har na buge goshi.

Na tarar da Goggo a tsugune, tana shafa gefen dutsen da ke jikin bango, inda ya karye. Jabez bai tone shi ba, karya shi ya yi daga gindi. Idonta a rufe yake, yatsunta suna bin karayar, kamar matakala hawa biyu da wani tsini a gefen dama.

"Na san wannan," ta ce.

"Kin san me?"

"Akwai wani gutsuren dutse a gurbina, ƙarƙashin ciyawa, wajen kai. Shekara arba'in da biyu yana dakushe mini almakashi. Na ɗauka na Allah ne." Ta buɗe ido. "Shi ya sa suka fara binne mutane daga wancan ƙarshen, Lorna. Kusurwar suke gudu, nan Zilpah ta fari take kwance."

Abin da na yi bayan nan ba na alfahari da shi, amma ba zan ce na yi nadama ba. Washegari na je ɗakin karatu, na rufe ƙasan shafin da farar takarda, na sake buga kwafi. Ya fito fes: aure, haihuwa, shi ke nan. Na kawo na ajiye mata kusa da kofin shayinta.

"Mene ne wannan?"

"Abin da Merle ya nema. Ya ce haihuwa, ga haihuwa."

"Ke dai kin gado babanki, shi ma haka yake gyara katin makaranta."

"Goggo, shekara ɗari biyu da ashirin fa. Ƙasar tudun nan ko ƙusa ba ta bari. In Merle ya tona ba abin da zai gani. Wa za ki cuta?"

"Ban ce zai gani ba."

"To, wa ya sani? Ni da ke. Ni kuma ba na magana da kowa a garin nan."

Na yi ta zuba, har na ce mata wannan Jabez ɗin da take soka wa tuta bai cancanci a bi sharaɗinsa ba, mutumin da ya ƙona garin mutane ya ɗauko musu 'ya. Ta ce ba sharaɗinsa ne ya dame ta ba. Amma ba ta yaga takardar ba. Ta ninke ta ta sa a jaka tare da ta gaskiyar, kuma mako biyu jakar tana rataye a kujera. A cikin makonnin nan ta daina sauka ɗakin ƙasa, ni take aika. Na kuma lura ta fara tsayawa gaban madubin zaure tana kallon kanta, tana taɓa ƙashin kumatunta, ita da ko hoda ba ta shafawa. Wata rana ta ce da ni, ba tare da ta juyo ba, "Duk mu nan daga ita muka fito, kuma ba mai iya kiranta."

Taron kwamiti ranar Asabar ne da safe, a ɗakin bayan ofishin gari. Na kai ta, ban san wacce za ta ciro ba, kuma ina roƙon Allah ta ciro tawa. Ta buɗe jaka, hannunta ya daɗe a ciki. Sai ta rufe.

"Merle, motarka tana da mai?"

"Tana da shi, Inna."

"Ka zo gida da surukinka da igiya mai ƙarfi. Akwai kayan da za ku mayar inda aka ɗauko."

Da la'asar aka haura da dutsen tudu a bayan motar Merle, an naɗe shi da tsohon bargo. Iska tana da sanyi, ƙasa ta fara tauri amma ba ta daskare ba. Merle ya yaye ciyawar da shebur, gutsuren ya fito. Da suka sauke dutsen a kansa sai ya zauna da kansa, da wani ɗan sauti kamar an rufe murfin tukunya. Surukin Merle ya ja da baya ya cire hula. Yanzu layin yana da Zilpah biyu masu ranar haihuwa ɗaya, taku goma sha biyu tsakaninsu.

Merle ya karanta takardun na gaskiya a tsaye, ya sake karantawa. Ya ce shi dai ba ruwansa da jini, zai fuskanci kwamiti, a nemo mata wani wurin. Amma babu wani wurin. Katanga a nan, iyayenta a can, bayan layin kuma dutse ne shimfiɗe wanda ko motarsa ba ta fasawa. Ya yi gyaran murya ya ce akwai masu sa a ƙona gawarsu, tokar ba ta cin wuri, za a iya sa ta a kabarin Joanie.

"Wuta ta ci isassu a dangina," ta ce.

Ni kuma na ce to a ɗauke Joanie a kai ta sabuwar maƙabarta, su kwanta tare. Ta kalle ni irin kallon da take yi wa yaron da ya zubar da madara da gangan.

"Ba a ta da yarinya in ta samu barci."

Ta sa muka zaunar da ita a kan ciyawa tsakanin ƙananan duwatsun biyu, abin da likita ya hana. Su Merle suka koma gindin mota. Ni ban tafi ba, ina jin haushinta da tausayinta lokaci ɗaya, ban san wanda ya fi yawa ba. Ta cire safar hannu ta dafa ƙasar kabarin Joanie, ta yi magana da muryar da ban taɓa jin ta yi wa kowa ba.

"Joanie, ki yi haƙuri, ba zan samu zuwa ba. Wurin da mai shi, ta riga mu. Ƙanwarki ce a shekaru, ki riƙa kula da ita."

Ta rasu a watan Fabrairu, ƙasa a daskare, aka ajiye ta a ɗakin ajiyar gawa na gari har ƙanƙara ta narke. A Afrilu Merle ya haƙa mata a sabuwar maƙabartar da ke bakin babban titi, kusa da wani dillalin motoci da ba ta taɓa gaisawa da shi ba. Na auna da motata a hanyar dawowa, mil biyu da rabi ne daga tudun.